Muryar Anti a guruf ɗin matan unguwa: maganar mai jegon da ba ta barci

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ƙanwata, na saurari saƙonki har ƙarshe. Kin ce ƙanwar mijinki yau sati biyar da haihuwa, ba ta barci, sai kuka babu dalili, nono ma sai an matsa mata take bai wa jaririn, kuma an tsinci kwalaben maganin tari a ƙarƙashin katifarta. Kika ce ko mun san mai ruƙiyya na kirki. To ni dai abin da kunnena ya jiyo shi ne, ina za a kai ta unguwa ba ta sani ba. Ko ba haka ba? Shi zan amsa miki.

Addu'a kam ku yi, ku yi ta tofi, babu mai hana ku. Amma yarinyar nan likita za ta gani, kuma gobe. Ɗan kukan nan na kwana uku huɗu bayan haihuwa da yawanmu mun yi shi, kafin sati biyu ya wuce da kansa. Wanda ya zarce haka, ga barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya kwanta, ga abinci ba ya shiga, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 tana gamuwa da irin wannan. Ki ƙirga mu a guruf ɗin nan ki gani.

Yau da daddare ki zauna kusa da ita ki tambaye ta ƙiri-ƙiri, tana jin kamar ta kashe kanta? Tana tsoron za ta yi wa yaron wani abu? Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ta ce e, ko kuka ji tana surutai, tana jin muryoyi, tana cewa ɗan ba nata ba ne, kada ku jira gari ya waye, ku kai ta asibiti. Kuma kada a bar ta daga ita sai jariri, amma don Allah kada a fizge shi daga hannunta kamar ta yi laifi.

Wurin zuwa, ai ga Asibitin Malam Aminu Kano nan da sashen ƙwaƙwalwa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san da na ce Dawanau gabanki ya faɗi. Kati ake yanka, likita ya zauna da ita, yawanci magani a ba ta ku dawo gida, kuma akwai wanda ake sha ana shayarwa. 'Yan Kaduna da ke cikinmu kuna da irinsa a Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya.

Kwalaben nan kuwa su suka fi tayar min da hankali. In mai kodin ne, yana bi ta ruwan nono, yaro ya yi ta barci kuna cewa mai haƙuri ne, alhali numfashinsa ne ke raguwa. Tun 2018 gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi, amma ga shi har ɗakin mai jego. Kada mijinta ya kwashe ya zubar ya ce an gama. Wanda jikinsa ya saba, in aka yanke masa dare ɗaya, zufa ce da gudawa da ciwon gaɓoɓi, sai ya koma da gudu. Likita ne zai tsara yadda za ta bari.

Kuma ina roƙonku, kada wani kawu ya taso da maganar gidan mari. Kun manta na Rigasa a Kaduna a 2019? Mutum wajen 300 'yan sanda suka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Aka zo aka sake ganin na Daura. Mu nan layinmu an taɓa kai wani yaro irin gidan, uwarsa ta sayar da ɗan kunnenta ta biya, ya dawo da tabon mari a idon sawu, ko takalmi ba ya iya sawa, kuma bai yi wata ba ya koma ƙwaya. Na hana, aka ce na fiye boko. Har yau in na gan shi a bakin masallaci sai raina ya ɓaci. Tun 2023 aka sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, mai wannan larura yana da haƙƙi, amma wa ya gaya wa kawu?

Mu ma da namu. Ranar suna gida ya cika, anko, tuwo, hotuna, washegari kowa ya kama gabansa. Mai zuwa barka tambayarta an yi wanka, an sha kunun kanwa? 

Abin da nake so, mata huɗu ko biyar su ɗaga hannu yanzu, a raba kwana. Mai kwana ta riƙe yaron, a bar uwar ta yi barci mai tsawo, wata ta aiko da abinci. Mijin kuma ki sa maigidanki ya zaunar da shi, yayanta ne, zai fi jin tasa. Ƙarfe bakwai ki kira ni, zan raka ku. A zo da katin awonta, kwalaben ma a saka a jaka likita ya gani.