SPSS ya ƙi sauka, wanda aka saka min a kafe kuma ya zo da bayiros, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, ina kan furojet ɗina, na raba takardun tambayoyi 200 na karɓo su, yanzu sufabaiza ya ce in yi babi na huɗu da manhajar lissafin ƙididdiga ta SPSS. Na yi ta ƙoƙarin sauke shi a laftof da hotsifot ɗin wayata, in ya kai rabi sai netwok ya katse ya koma farko, data ta ƙare. Na je kafe aka saka min wani a filash, tun ranar duk fayilolina na cikin filash ɗin suka koma shotkot. Sannan ƙawata ta turo min hoton teburinta ta WhatsApp in ga yadda ake yi, ya zo dishi-dishi ba a ganin lambobin. Don Allah Malam me zan yi, lokacin kare aiki ya matso.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a ya kuma sa a gama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, duk abin da kika lissafa yana da magani kuma ba sai kin kashe ko kwabo a kan manhaja ba.

Bari mu fara da filash ɗin domin shi ya fi gaggawa. Don Allah kar ki yi masa fomat, kuma kar ki ƙara danna waɗannan shotkot ɗin, domin kowane dannawa kunna bayiros ɗin kike yi. A mafi yawan lokaci fayilolinki suna nan daram, ɓoye su kawai ya yi ya ajiye shotkot a madadinsu. Ki saka filash ɗin, ki duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce E ne. Ki danna madannin Windows tare da R, ki rubuta cmd, baƙin akwati zai buɗe, sai ki rubuta wannan daidai yadda yake:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

In harafin naki F ne ko G sai ki canza E ɗin. Ki ɗan jira ya gama, za ki ga foldojinki sun dawo, wani lokacin ma za ki tarar da su duka a cikin wata folda da ba ta da suna. Ki kwafe takardunki kaɗai zuwa wani wuri, ki bar duk wani abu da ba ki san shi ba, sannan ki sa Microsoft Defender wanda ya zo da Windows ya yi wa laftof ɗin cikakken bincike, ba na gaggawa ba. Sai bayan nan ne za ki iya yi wa filash ɗin fomat. SPSS ɗin kafen kuma ki goge shi gaba ɗaya. Irin waɗannan na kirak ɗin, wato waɗanda aka fasa musu lasisi, abu na farko da ake ce miki shi ne kashe antibayiros kafin ki saka, toh kin ga da hannunki kika buɗe ƙofa kenan, kuma a laftof ɗin nan ne kike shiga imel ɗinki, wata ma har da asusun banki. Wallahi abin yana damuna yadda ɗalibai suke ɗaukar wannan kasadar a kan aikin da suka yi wata da watanni suna wahala a kai.

Yanzu maganar SPSS ɗin kanta. Tsohuwar manhaja ce, tun 1968 ta fito, kamfanin IBM ya saye ta a 2009, kuma ta kuɗi ce, lasisinta da tsada ga ɗalibi. Suna ba da gwaji na kyauta na kwana 30 in kin yi rajista a shafinsu, wanda in bayananki a shirye suke zai ishe ki babi na huɗu. Ki kuma tambaya a sashenku ko ɗakin kwamfuta na makaranta, wasu makarantun suna da lasisi amma ɗalibai ba su sani ba. Amma ni shawarata gare ki ita ce jamovi. Kyauta ce halak malak, tana buɗe fayil ɗin SPSS mai .sav a ƙarshe, tana buɗe na Excel da CSV, kuma ba sai kin iya rubuta kod ba, dannawa ce kawai. A ƙarƙashinta R ne yake yin lissafin, wato yaren ƙididdigar nan da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990, wanda manyan masu bincike a duniya suke aiki da shi. Akwai JASP da ake haɗawa a Jami'ar Amsterdam, ita ma kyauta, akwai kuma PSPP na GNU wanda aka yi shi musamman don ya yi kama da SPSS, har jerin menu ɗinsa kusan iri ɗaya ne, kuma ya fi sauran rashin nauyi in laftof ɗinki tsohuwa ce ko data ta yi ƙaranci. Abin da nake so ki riƙe shi ne lissafin ɗaya ne. Chi-square, gwajin da ake duba alaƙa tsakanin rukunan amsoshi da shi, ba mallakar IBM ba ne, Karl Pearson ne ya fito da shi tun 1900, in kin ba jamovi da SPSS bayanai iri ɗaya amsa ɗaya za su ba ki, tsarin teburin ne kawai zai bambanta.

Sai batun katsewa. Abin da yake faruwa shi ne burauza tana ajiye abin da ta sauke a wani fayil na wucin gadi, a Chrome sunansa yana ƙarewa da .crdownload, a Firefox kuma .part, in netwok ya yanke mutane da yawa sai su koma shafin su sake danna dawunlod daga farko alhali rabin yana nan a ajiye. Kafin ki yi haka ki danna Ctrl da J, jerin abubuwan da kike saukewa zai fito, in akwai Resume ki danna shi ya ɗora daga inda ya tsaya. Amma burauza ba ta da juriya sosai, shi ya sa nake ce wa mutane su fara sauke Free Download Manager, ƙarama ce kuma kyauta, daga shafinta na asali, sai ki kwafi adireshin babban fayil ɗin ki ba ta. Ita tana yanka fayil gida-gida tana jawowa, in aka ɗauke wuta ko data ta ƙare, gobe in kin kunna za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Internet Download Manager (IDM) da kowa ya sani shi ma yana yi amma na kuɗi ne, bayan kwanakin gwaji zai fara damunki, daga nan sai a koma neman kirak, an dawo gidan jiya.

In ma ba ki son saka komai, Windows 10 da 11 suna zuwa da curl a ciki, wata 'yar manhajar sauke fayil da ake ba umarni a rubuce. A baƙin akwatin nan na cmd ki rubuta curl -L -C - -O sai tazara sai adireshin fayil ɗin. In ya katse ki sake rubuta layin nan ɗai a folda ɗaya, wannan -C - ɗin shi ne yake cewa a ci gaba. Sharaɗin dai shi ne sabar da take ba da fayil ɗin ta yarda da ci gaba, yawancinsu sun yarda, sai dai wasu adireshin suna mutuwa bayan wasu awanni, in haka ta faru sai ki samo sabon adireshi.

Akwai kuma ɓarawon data da ba ki ambata ba amma na tabbata yana cikin abin da ya cinye miki. Da zarar kin haɗa laftof da hotsifot, Windows ɗauka take yi waifai ne mara iyaka, sai ta fara sauke sabuntawarta a ɓoye, ke kina kallon SPSS yana tafiyar hawainiya ita kuma tana shan datarki ta baya. Ki shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, ki danna sunan hotsifot ɗinki, ki kunna Metered connection. A wayar ma ki shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, ki kashe saukar bidiyo da hotuna ta kai tsaye, saboda guruf-guruf na aji da na dangi ba sa barci. In layinki yana da tsarin datar dare ki yi amfani da shi, ya fi araha kuma netwok ya fi sakewa, ki sa laftof a caji, ki kuma hana ta yin barci a saitin wuta don kar ta kwanta ta yanke aikin. Sannan a shafin saukewa ki lura da kyau, manyan maɓallan nan kore masu ƙyalli yawanci talla ne, jamovi a jamovi.org ake samunta, ki rubuta da hannunki a sama.

Hoton ƙawarki kuma ba laifin wayarta ba ne. WhatsApp yana matse duk hoton da aka tura a matsayin hoto don ya rage nauyi, fuskar mutum ba za ki lura ba amma ƙananan lambobi a tebur sai su narke. Ta danna alamar maƙalawa ta zaɓi Document, ta nan fayil yake zuwa yadda yake ba a taɓa shi ba, kuma tun 2022 ana iya tura har giga 2. Mafi kyau ma kar ta ɗauki hoton sikirin da waya, ta fitar da sakamakon zuwa PDF ko Word ta turo. In ta turo miki fayil mai .spv kar ki wahalar da kanki da jamovi, wancan fayil ɗin sakamako ne na SPSS, bayanan ainihi suna cikin .sav. Ki kuma haɗa WhatsApp ɗinki da laftof ta Linked devices, ana iya haɗa na'ura har huɗu, sai fayil ya sauka kai tsaye a laftof ba sai an bi ta filash ba balle a sake kwaso wani bayiros. In kin taɓa haɗawa a kwamfutar kafe ki shiga wurin yanzu ki cire ta, in ba haka ba wani yana iya zama yana karanta saƙonninki. Telegram ma yana da amfani a nan, yana ɗaukar fayil har giga 2, kuma akwai Saved Messages inda za ki dinga tura wa kanki kwafin furojet duk dare, ko waya ta ɓata yana nan. Irin su GB WhatsApp kuwa ki nisance su, ba na kamfanin ba ne kuma ana rufe lambar mutum saboda su.

To amma fa inda ɗalibai suka fi faɗawa rami ba wajen manhaja ba ne, wajen shigar da bayanai ne, kuma nan nake so ki ba da lokacinki. Ki ɗauki biro ki sa wa takardun nan 200 lamba daga 1 zuwa 200 tun kafin ki taɓa kwamfuta. A Excel kowane mutum layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya, layin farko kuma gajerun sunaye marasa tazara kamar jinsi, shekaru, t1, t2. Kar ki haɗe akwatuna, kar ki sa kala ta zama ita ce ma'ana, kar ki rubuta jimla a ƙasa. Ki tsayar da lambobinki a wata takarda daban, namiji 1 mace 2, na yarda sosai 5 har zuwa ban yarda ba sam 1, kuma ki tsaya a kansu, domin in kin rubuta Mace a nan, mace a can, F a wani wuri, manhaja za ta ɗauka jinsi uku ne. Wanda bai amsa tambaya ba ki bar wurin fayau, kar ki sa 0. Wasu suna sa 99, babu laifi, amma dole ki gaya wa manhajar cewa 99 na nufin babu amsa, in kika manta za ki ga matsakaicin amsar da ba ta wuce 5 ba ya fito 7 da wani abu. In akwai amsoshin da aka rubuta da Hausa kuma kika ajiye a CSV, ki zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa kan gado.

Da kin buɗe a jamovi ki fara duba kowane ginshiƙi an ba shi nau'in da ya dace, jinsi Nominal, ra'ayi mai hawa-hawa Ordinal, shekaru Continuous. Sai Exploration, Descriptives, ki kunna teburin yawan amsa ki duba da idonki, in kin ga 44 a tambayar da amsarta 1 zuwa 5 ce, hannu ne ya zame, lambar da kika rubuta da biro za ta kai ki kan takardar ki gyara cikin minti ɗaya. Cronbach's alpha, wanda yake auna ko tambayoyinki suna tafiya tare, yana ƙarƙashin Factor, Reliability Analysis, galibi ana son 0.7 zuwa sama, kuma in ya fito ƙasa sosai ko da alamar ragi ki duba ko akwai tambayoyin da aka juya ma'anarsu, akwai wurin da za ki nuna mata su ta juya lambobinsu. Chi-square yana ƙarƙashin Frequencies, Independent Samples. Ki kunna Expected counts, in fiye da kashi 20 cikin ɗari na akwatunan suna ƙasa da 5 toh sakamakon ba abin dogaro ba ne, sai ki haɗe rukunin da suka yi kama ko ki yi amfani da Fisher's exact test wanda yake nan a wurin. In kuma p, lambar da ake yanke hukuncin akwai alaƙa ko babu da ita, ya fito sama da 0.05 don Allah kar ki taɓa lambobi don ya sauko, rashin samun alaƙa shi ma sakamako ne, ki rubuta shi yadda ya zo ki yi bayani.

Saura sufabaiza. Ki je masa da ladabi tun kafin ki yi nisa, ki ce Malam lasisin SPSS ya fi ƙarfina, ga jamovi tana ba da lissafi iri ɗaya, ki buɗe laftof ki nuna masa tebur ɗaya ko biyu. Da yawansu in sun ce SPSS abin da suke nufi shi ne a yi lissafin da manhaja ba da hannu ba. A babi na uku ki rubuta sunan abin da kika yi aiki da shi da lambar sigarsa, jamovi ma tana rubuta miki yadda za ki ambace ta a ƙasan sakamako, kar ki rubuta SPSS alhali ba shi kika yi amfani da shi ba, a wajen kare aiki wani zai iya gane teburin. In kuma ya dage sai SPSS ɗin, ki gama tsaftace bayananki a jamovi, ki fitar da su a matsayin .sav, sannan ki kunna gwajin kwana 30 ɗin ko ki je ɗakin kwamfuta na makaranta, aikin yini ɗaya ne ya rage miki.