Khal ɗin da ya kwana a gangar katako

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya zo hutu ya kawo mini tsarabar khal a kwalba, ya ce ba irin na kanti ba ne. Har na zuba a kwaɗon latas sau biyu kafin 'yata ta karanta takardar jikin kwalbar, ta ce an rubuta cewa da giyar inabi aka yi shi, kuma ya daɗe a gangar katako. Tun ranar na ture shi gefe. Yanzu ga wani abu mai yauƙi ya kwanta a gindin kwalbar. Me ya haɗa khal da giya, kuma me gangar take yi masa? Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kowane khal na asali, ko na inabi ne ko na tuffa ko na dabino, sai ya bi ta zango biyu. Yis ya cinye sukarin 'ya'yan itacen ya mayar da shi barasa, sannan wasu ƙwayoyin halitta masu son iska su cinye barasar su mayar da ita tsami. Khal ɗin tuffa da matanmu ke saye a shagon magungunan Musulunci ma ta nan ya bi, takardarsa ce kawai ba ta faɗa ba. Su Faransawa sunan da suka ba khal, vinaigre, ma'anarsa giyar da ta yi tsami.

Zancen ganga kuwa da idona na gani. Lokacin da nake karatun kimiyyar abinci a Dijon an kai mu wata ƙaramar gonar inabi kusa da garin Arbois, a yankin Jura da ke gabashin Faransa. Gonar gado ce, dattijo da matarsa da ɗansu ke riƙe da ita. Na faɗa masa tun a ƙofa cewa ni Musulmi ne, ba zan ɗanɗana ba. Bai ɓata rai ba, ya ce to hanci ma malami ne, ya ja ni zuwa ɗakin ajiya.

Gangunan na itacen da suke kira shen ne, kowace na cin lita 228, ma'aunin yankin Burgundi. Ta yankin Bordo 225 take ci. Ba a yanka wannan katako da zarto, tsaga shi ake yi a bi jijiyarsa, in ba haka ba ganga ta yi yoyo. Sai a jibge shi a fili shekara biyu zuwa uku, ruwan sama da rana su wanke masa ɗaci, kafin maƙerin ganga ya jera falankan, ya hura wuta a tsakiya har su yi laushi su lanƙwasu, ya ɗaure da zoben ƙarfe. Ba a manna su da komai, matsi ne ke riƙe ruwan. Ke da kika san randa ba sai na yi miki dogon bayani ba: ruwan randa ya fi na jarka daɗi saboda jikin randa na numfashi. Haka ganga take, iska na shiga kaɗan-kaɗan, ruwa na fita kaɗan-kaɗan, abin da ke ciki yana raguwa yana ƙara kauri da ƙamshi.

Wannan raguwar ita ce abin tsoron masu sana'ar a ko'ina cikin Faransa. Da an samu fili a saman ganga iska ta taru, ƙwayoyin tsami su farka, dukiya ta koma khal. Don haka suke bin gangunan suna cike gurbin da ya ragu har baki. Mutanen Jura kuwa suna da wata tsohuwar hanya da ta saɓa wa wannan. Akwai wani inabi da ake kira Savagnin, idan sun zuba ruwansa a tsohuwar ganga sai su bar fili da gangan, kuma ba su ƙara ko ɗigo. Yis sai ya taso ya shimfiɗu a saman ruwan kamar yanar da ke kan kunu in ya huce. Mayafi suke kiransa. Shi ne ke tsayawa tsakanin ruwan da iska. Doka ta ce ba za a sayar da shi da sunan vin jaune, wato rawayar giya, ba sai bayan shekara 6 da wata 3 daga girbi, kuma a kwalba ta musamman mai cin santilita 62, domin a cewarsu abin da ke saura daga kowace lita ke nan.

Dattijon ya buɗe ɗan famfon da ke jikin wata ganga ya tsiyayo kaɗan a kofi, ya miƙo saitin hancina. Wallahi Hajiya ƙamshin hulba na ji, har gidanmu ya faɗo mini a rai. Daga baya a aji na gane ba hancina ne ya ruɗe ni ba, sinadari ɗaya ne mai suna sotolon ke ba su ƙamshin, hulbar da abin da ke cikin gangar.

Ya nuna mini wata ganga a can kusurwa da ya yi wa alama da alli. Mayafinta ya yage, tsami ya shige ta bayan shekara huɗu ana jira. Wannan ta zama ta khal. Ya faɗa ba tare da ƙorafi ba, amma na ga yadda ya dafa ta. Ni wannan haƙurin ne ya tsaya mini a rai, ko da yake abin da yake tarawa ba abin shana ba ne. Mutum ya rufe guminsa shekara shida bai taɓa ba, bai san wace za ta kai ba.

A garin na Arbois ne masanin kimiyya Louis Pasteur ya tashi, ɗan majemi, kuma ya nazarci lalacewar giya a irin waɗannan gangunan, ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai ke jawo tsami. A 1865 ya yi rajistar dabarar ɗumama giya don kashe su, dabarar da yau ake tsare madarar kwali da ita. A 1867 ya je Orléans ya yi wa masu yin khal lacca, don garin ne cibiyarsu: giyar da ake ɗaukowa ta kogin Loire za a kai Paris, wadda ta yi tsami a hanya a nan ake sauke ta. Hanyarsu ita ce a bar ruwan a ganga mai ƙofar iska na makonni, sannan a ajiye shi watanni ya kwanta. Masana'antun zamani na hura iska a tankin ƙarfe su gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa na kanti ke yanka maƙogwaro, naki kuwa tsaminsa na da laushi.

Game da hukunci, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta halatta. Saɓaninsu yana kan wadda mutum ya juyar da hannunsa: Hanafawa sun halatta, Shafi'awa da Hambalawa sun tsananta, a Malikiyya kuwa Mukhtasar na Khalil ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki. Ta fuskar sana'ata zan ƙara miki cewa khal ɗin inabi na Faransa ba ya gaza kashi 6 cikin 100 na tsami, kuma akan samu ɗan ɓurɓushin barasa da bai juye ba, wanda ba ya bugarwa, don tsamin ba zai bar mutum ya kwankwaɗa ba. Ki kai wa malaminki wannan bayanin yadda yake. Ni dai ina zuba shi a abincina.

Yauƙin da kika gani kuwa uwar khal ce, ƙwayoyin nan ne suka farfaɗo da kika buɗe kwalbar iska ta shiga, alamar ba a dafa shi ba. Ba ta cutarwa. Ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki toshe bakin kwalbar sosai, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa.