Magena ta kusa haihuwar fari: me zan saya, kuma ta yaya zan gane naƙuda ta zo?

Wata ƙanwata daga Kano ta turo wannan:

"Anti sannu da ƙoƙari. Ina da mage da ba ta ƙarasa shekara ɗaya ba, cikinta na fari kenan, muzurun maƙwabta ne ya yi mana aika-aikar, ni ban ma san ranar da ta ɗauka ba. Shekaranjiya na same ta cikin sif a kan atamfofina tana ta tono, yau kuma ta ƙi cin abinci sai bina take tana kuka. Haihuwar ce ko ciwo ne? Kuma na ga ana tallan wani gado na haihuwar mage a Instagram, in saya?"

To ƙanwata, fara kwashe atamfofin nan tukuna ki rufe sif ɗin, don ta riga ta zaɓi ɗakin haihuwarta, in kika yi sake a kan lefenki za ta sauka.

Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne galibi, wato wata biyu da 'yan kwanaki, wata ta ɗan gaza wata ta ɗan haura. Tunda ba ki san ranar ba, ki tuna lokacin da kika fara ganin kan nononta ya yi ja-ja ya ɗan tasa, wannan wajen sati na uku yake faruwa kuma a 'yar fari, wato mai cikin fari, ya fi fitowa ƙarara, sai ki ƙirga kamar sati shida daga nan. In kuma tana kwance kina ganin cikin yana motsi da idonki, to kina cikin sati biyun ƙarshe.

Tonon da take yi a sif neman wurin haihuwa ne, shi kaɗai ba ya nufin yau ko gobe, wata tun saura sati ɗaya ko biyu take fara leƙa ƙarƙashin gado da bayan firji da cikin kwandon wanki. Amma da kika haɗa min da ƙin cin abinci da wannan kukan, ni kam ina ga ki shirya, don mage mai ciki ci take kamar me, ranar da kika ajiye mata abin da ta fi so ta sansana ta juya baya, yawanci bai wuce saura kwana ɗaya ba. Ki duba cikinta a hankali ba tare da kin matsa ba, za ki ga nonon ya ciko, wata har ki ga ɗan farin ruwa ya bushe a kai, wannan yakan zo saura kwana ɗaya ko biyu. Sai yawan lasar gabanta, sai shiga da fita, ta kwanta ta tashi ta canza wuri ta dawo, wata ta yi haki baki a buɗe, wata ta ɗan yi amai, wata kuma gurnanin nan nata ne zai ƙaru. Ɗan ruwa mai yauƙi fari ko mai ɗan ja kaɗan yana iya fitowa, ba abin tsoro ba ne.

Halinsu kuma ba ɗaya ba. Akwai wadda za ta ɓace miki ɓat ba ta son ganin kowa, akwai irin taki da za ta manne miki, kina tashi ta biyo ki ta bar wurin haihuwar, 'yan fari sun fi yin wannan saboda ita kanta ba ta san me ke damunta ba. In irin wannan ce sai ki ɗauko tabarma ki zauna kusa da ita, ki yi shiru, ki bar ta ta ga kina nan. Kar ki tara mata yara, kar a zo ana haska ta da fitilar waya ana bidiyo. Mage in aka dame ta tana iya riƙe naƙudar ta tashi neman wani wuri, kuma wurin da za ta samo ba zai miki daɗi ba, na taɓa ganin wadda ta haye silin ta haihu, sai da aka kira kafinta.

Wannan zirga-zirgar ta farko tana ɗaukar awa shida zuwa sha biyu, amma a 'yar fari tana iya kai kwana guda har da rabi, don haka kar ki tayar da hankalinki tun ba a je ko'ina ba. Agogo yana fara aiki ne daga lokacin da kika ga tana nishi na gaske, cikin yana tamkewa tana turowa.

Maganar gado kuwa, riƙe kuɗinki. Wallahi kwali ya fi shi. Je wajen mai shago ki karɓo babban kwali mai tsabta, irin na taliya ko na ruwan roba, kar ki ɗauko wanda aka zuba sabulu ko omo ko maganin ƙwari a ciki. Ya zama tana iya miƙewa a ciki sosai har da sauran wuri. Ki yanke ƙofa a gefe guda amma ki bar tudu kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa, ita ta tsallaka, 'ya'yan kuma kar su gangaro. Ki shimfiɗa jarida ko leda a ƙasa, ki ɗora tsohon zanin gado ko tsofaffin zannuwa a kai, waɗanda ba za ki ji ciwon zubarwa ba. Tawul mai zare-zare ba na so, farcen jarirai yana maƙalewa. Ki sa tsohuwar rigarki guda a ciki ta ji ƙanshinki, ki ajiye kwalin a lungu mai duhu kusa da sif ɗin da ta zaɓa. Gadon Instagram ɗin nan mai laushi ne mai gashi-gashi, jini da ruwa za su jiƙa shi daren farko, ga wahalar wanki, ga shi ɗan jariri yana iya nutsewa a lungunsa uwar ta danne shi, kuma bayan duk wannan ba mamaki ta kalle shi ta wuce ta haihu a kwandon wanki. Kuɗin ki ajiye shi na mota da na likita.

Wani ɗan uwa daga Zariya kuma cewa ya yi: "Na karanta cewa zafin jikinta yana sauka kafin haihuwa, in sayi ma'aunin zafi? Sannan me da me ya kamata in tanada?"

Malam gaskiya ne, zafin jikin mage lafiyayya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya a ma'aunin Celsius, in haihuwa ta rage kamar kwana ɗaya yakan sauka ƙasa da 37.8. Amma ta dubura ake aunawa, kuma ba kowace mage ce ke nuna saukar ba, a karnuka abin ya fi tabbata. Ka kama mai tsohon ciki sau biyu a rana kana cusa mata abu, za ta yakushe ka, ta tsane ka, ta gudu ta haihu inda ba ka sani ba. In ba ka saba ba ka bar shi, idonka ya isa.

Abin da zan ce ka saya ba shi da yawa: safar hannu ta roba daga kemis, zare mai tsabta, sabuwar reza ko ƙaramin almakashi da za ka tafasa, tsummoki masu laushi da yawa, da tocila mai caji saboda wuta ba ta da alƙawari kuma su da dare suka fi haihuwa. In da hali ka ƙara da ɗan sikelin kicin, jariri yana zuwa da nauyin wajen giram 100, ya kamata kullum ya ƙara kamar giram 10, sikelin ne zai fara gaya maka wanda ba ya samun nono tun kafin ido ya gani.

Kuma yawancin kayan nan ba za ka taɓa su ba. Ita za ta yage jakar ruwan da ɗan ke fitowa a ciki, ta lashe fuskar, ta cije cibiya, ta cinye mabiyiya, duk da kanta. Inda 'yar fari ke ba da matsala shi ne wani lokacin ɗan farko ya faɗo ta tsaya tana kallonsa kamar ba ita ta haifa ba. In minti ɗaya ya wuce ba ta taɓa shi ba, sa safar hannu ka yage jakar daga wajen hanci, ka goge baki da hancin, ka riƙe shi kansa ya ɗan yi ƙasa ka goga bayansa da tsumma har ya yi kuka, sai ka ajiye mata a gabanta. Kar ka wujijjiga shi. Cibiya kuma ba gaggawa, in ta ƙi cijewa ka ɗaure da zare kamar inci ɗaya daga cikinsa ka yanke ta ɓangaren mabiyiyar. Ka riƙa ƙirgawa, ɗa guda mabiyiya guda, in ɗaya ta maƙale a ciki ita ce ke kawo zazzaɓi da wari bayan kwana biyu. Wanda ya zo ta ƙafa ba matsala ba ne a wajen mage, da yawa haka suke zuwa.

Tsakanin ɗa da ɗa minti goma ne zuwa awa ɗaya. Haihuwar fari ba ta cika yawa ba, biyu ko uku, wani lokacin huɗu. Akwai kuma wani hali nasu mai rikita mutane, ta haifi biyu ta tsaya cak, ta shayar, ta ci abinci, ta yi barci, sai gobe ta ƙarasa sauran. In tana cikin nutsuwa ba ta nishi, ba laifi. Wanda ba a jira da shi shi ne: tana nishi mai ƙarfi minti 20 zuwa 30 ba abin da ya fito, ko ɗa ya leƙo ya maƙale minti goma, ko ruwa kore ko baƙi ko mai wari ya fito alhali ba ta haifi ko ɗaya ba, ko jini yana zuba sosai, ko ta yi laushi tana rawar jiki. Nan kam sai asibiti. Kai da kake Zariya ma ka yi sa'a, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ka je tun yanzu da rana ka san hanya, ka karɓi lambar likitan da zai ɗaga waya da dare, wannan lambar ta fi duk abin da na lissafa maka amfani.

Sai wata Hajiya da ta ce wani ya ba ta shawara ta sayi allurar naƙuda ta ajiye, irin wadda ake yi wa akuya, kuma ko za ta iya ba magen rabin Panadol in ciwon ya yi yawa.

Hajiya don girman Allah a'a, duka biyun a'a. Allurar nan matse mahaifa take, in ɗa ya gicciye ko ƙugun ya yi masa kaɗan aka yi ta, mahaifar ce za ta fashe, shi ya sa likita sai ya duba hanya a buɗe take kafin ya yi. Farasitamol kuwa guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashewa. Haka fiya-fiya da maganin ƙuma na karnuka, kar a kusantar da su inda take. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi ma a ɗaga musu ƙafa a ɗakin har yaran su yi ƙwari, na san wannan zai yi wa Hajiya wuya.

An kuma tambaye ni batun abinci da madara, mutum uku suka turo kusan iri ɗaya. Wanda zai sayi na kanti, ya sayi wanda aka rubuta na 'yan kyanwa ne, shi ake ba mai ciki da mai shayarwa saboda ya fi maiƙo da gina jiki, a zuba kaɗan-kaɗan sau da yawa tunda cikin ya cika ba wuri. Wanda ba shi da halin wannan, dafaffen kaza da kifi da aka cire wa ƙaya da dafaffen ƙwai, ba albasa ba tafarnuwa ba yaji, don albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, ke nan ragowar miyar gida ba ta yi ba. Ruwa kusa da kwalin kullum. Kar a sayo mata ƙwayar ƙarin ƙarfin ƙashi sai likita ya ce.

Madarar gwangwani da ta gari da nonon shanu duk zawo suke sa jarirai, zawo kuma a jikin abin da bai fi tafin hannu ba, kun san ƙarshensa. Akwai madarar da aka yi musamman don 'yan kyanwa a shagunan kayan dabbobi, ni ba na cewa a saya tun yanzu, a dai tambaya a san inda take, don galibi uwar tana shayarwa lafiya, kuma dakashin nan na ranar farko babu gwangwanin da ke maye gurbinsa. A tabbatar kowanne ya kama nono cikin awa biyun farko, wanda aka ture a ɗauke shi a ɗora shi.

Zancen wai in ka taɓa su uwar za ta cinye su, mage da ta saba da kai ba ta ƙin ɗanta don ka taɓa shi da hannu mai tsabta na ɗan lokaci, hayaniya da yawan jagwalgwalo ne ke sa ta kwashe su ta canza wuri. Cikin abubuwan da suka fi kashe su a satin farko akwai sanyi, ba sa iya ɗumama jikinsu da kansu. In hunturu ne a zuba ruwan ɗumi a gorar roba a naɗe da zani a sa a gefe guda na kwalin, yadda wanda zafi ya ishe shi zai matsa. In kuma bazara ce kar a kai su sito mai rufin kwano. Ido sai kwana bakwai zuwa goma yake buɗewa, kar yara su ce za su taya su buɗewa.

Ke kuma ƙanwata ta Kano, muzurun nan na maƙwabta bai tafi ko'ina ba, tana iya sake ɗauka 'yan makonni bayan haihuwa tun tana shayarwa. Ki tsare ta a ɗaki, in yaran sun kai wata biyu an yaye su ki tambayi likita batun aikin tsayar da haihuwa. Ki turo min hoto in ta sauka, kuma ki gaya min a kwalin ta haihu ko ta samu hanyar komawa sif.