Baffa ya amsa: zaman João Pinto a Porto, al'ada ce ko dole?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji ana yabon ɗan ƙwallo João Pinto na kulob ɗin Porto don bai taɓa sa rigar wani kulob ba, kana tambaya ko al'adar mutanen Fotugal ce, ko dai kasuwarsa ce ba ta yi ba.

Kasuwa kam ta yi. Kada ka haɗa shi da takwaransa da ya yi Benfica da Sporting, na Porto ɗan baya ne na gefen dama, haifaffen Gaia a 1961, kogin Douro ne kawai tsakaninsu da birnin Porto. Ya shiga sahun manya a 1981, ya rataye takalmi a 1997, ya ci kofin lig sau 9, ya buga wa ƙasarsa wasa 70. A 1987 kyaftin ɗinsu Fernando Gomes ya karye a ƙafa ana gab da wasan ƙarshe na Kofin Turai a Biyana, sai kambun ya koma damtsen Pinto. Bayern ta Jamus, wadda suka kara da ita, na gaba da ci ɗaya har wasa ya yi nisa, Madjer ɗan Aljeriya ya farke da dunduniya, Juary ya ƙara ta biyu. Pinto ne ya ɗaga kofin.

Amma kada ka ɗauka duk soyayya ce. A zamaninsu ko kwantiragi ya ƙare, ɗan wasa ba ya tafiya sai an biya kulob ɗinsa, ga kuma ƙayyade yawan baƙin 'yan wasa da ake yi a Italiya da Sifen. Hukuncin Bosman, wanda kotun Tarayyar Turai ta yanke a Disambar 1995, shi ne ya buɗe ƙofar, lokacin Pinto ya kai shekara 34. Wa zai yi ƙaura a wannan shekarun? Shi ya sa ba na saurin zagin yaran yanzu masu bin kuɗi.

Al'adar da kake nema tana wajen kulob ɗin ne. Porto, a ƙarƙashin Pinto da Costa da ya shugabance ta daga 1982 zuwa 2024, ba ta cika yar da nata ba. Kamar tsohon yaron shago ne, in ƙarfi ya ƙare sai maigida ya ba shi makulli. João Pinto ya koyar da matasan kulob ɗin, daga baya ya zama mataimakin koci Jesualdo Ferreira, wanda ya ci lig sau uku a jere daga 2007 zuwa 2009. A ganina aikinsa na gaskiya a can shi ne nuna wa sabon yaro daga Burazil ko Ajantina yadda ake zama a gidan, da abin da wasa da Benfica, babbar abokiyar hamayyar Porto, yake nufi.

Da ya fita ya zama babban koci da kansa, ƙananan kulob ya samu, Covilhã da Chaves, kuma bai daɗe a ko ɗaya ba.

Ka gaida mahaifiyarka.