Amsa ga 'yata game da kawaici da takardar auna hali

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce a jami'a an raba muku takardar tambayoyi mai auna hali da basirar sarrafa motsin rai, kika sami maki kaɗan, har kika fara zargin cewa kunya da kawaicin da aka rene ku a kansu a gidanmu na Tudun Wada su ne suka dakushe ki. Ban yarda da wannan zargi ba, amma ba zan ce babu abin dubawa a cikinsa ba.

Masana halayyar ɗan Adam Peter Salovey da John Mayer, waɗanda suka fayyace wannan basira a 1990 kafin marubuci Daniel Goleman ya yayata ta a 1995, cewa suka yi ita ce mutum ya gane abin da ke ransa da abin da ke ran waninsa, sannan ya yi aiki da wannan sani. To, ki tuna yadda mahaifiyarki take da Yayanku. Ba ta kiran sunansa domin ɗan fari ne, ba ta yabonsa a gaban mutane, amma daga yanayin sallamarsa take gane an ɓata masa rai a waje, sai ta zuba tuwo ta ba ki ki kai masa, ta hana yara shiga ɗakinsa. Wadda ba ta karanta zuciya ba za ta iya haka ba.

Masana sun kasa hali gida biyar: son sabon abu, tsare aiki, son shiga mutane, sauƙin kai, da saurin damuwa. A binciken da ake yi wa ɗalibai, wanda damuwa ke saurin kamawa shi ya fi samun ƙarancin maki a takardar auna wannan basira, mai son shiga mutane da mai tsare aikinsa kuma sukan sami mai yawa. Wannan bambanci yana nan ko tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, kin kuwa san ƙanwarki da aka yi muku tarbiyya ɗaya bakinta ba ya shiru. Al'ada tana horar da hali ne, ba ita ke halittarsa ba. Sannan yawancin takardun nan ke ce kike ba kanki maki, kuma yarinyar da ta tashi tana jin cewa yabon kai jahilci ne da wuya ta zaɓi layin da ke cewa ta ƙware wajen fahimtar mutane, ko da ta ƙware ɗin.

Inda nake ganin gyara shi ne, kawaici yana aiki ne tsakanin waɗanda suka san shi. A gida, idan kika yi shiru kika sunkuyar da kai, kowa ya ji abin da kike nufi. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, abokiyar zamanki daga Kafanchan ko Legas tana iya ɗaukar shirun nan a matsayin girman kai, ko ta zaci kin yarda ta ci gaba da ɗaukar bokitinki ba tambaya. Can dole ki buɗe baki cikin ladabi ki faɗa mata. Haka nan a gaban malami, wanda ke so a ɗaga hannu a tambaye shi. Kunyar da muka koya muku ta surukai ce da manyan gida, ba mu taɓa cewa a kai ta aji a fito ba a gane darasi ba.