Share, Goge da Tsohuwar Zuma

Wani mai shagon ɗaukar hoto a Gusau ya aiko da tambaya. Rumbun ajiyarsa na waje, mai cin terabayit 1, ya cika maƙil da tsofaffin kwafin ajiya na hotunan biki da suna, yana son ya rage. Ya ce: "Malam, share zan ce ko goge? Kuma da na faɗa wa yayana niyyata, cewa ya yi da tsohuwar zuma ake magani. Karin maganar ya hana ni ke nan?"

Ɗan'uwa, kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne. Wanda ya share tsakar gida bai rabu da shara ba tukuna, gefe guda ya tara ta, sai an kwashe an kai juji. A Windows ma haka ne: fayil ɗin da ka share daga babban rumbu kwandon shara yake faɗawa, yana nan yana cin wurinsa. Shi ya sa mutum zai share fayiloli, ya duba ya tarar wuri bai ƙaru ko kaɗan ba. Gogewa kuwa kawar da abu ce har gurbinsa ya koma fili, kuma ba ta tabbata sai ka zazzage kwandon. Akwai ta uku, shafe, wadda a bakin mutanenmu na Zamfara za ka ji shahe. Ita ta dace da wanda ya wanke rumbun gaba ɗaya bai bar komai ba, kuma ba ita kake nufi ba.

Maganar yayanka ce ta fi ɗaukar hankalina. Zuma ba ta lalacewa don ta daɗe, masu magani ma wadda ta kwana biyu suke nema. Bahaushe yakan kawo karin ne idan aka so a wulaƙanta tsohon aboki, ko dattijo, ko uwargida, don sabo ya zo. Bai ce duk abin da ya tsufa zuma ne ba.

To, a rumbunka wace ce zumar? Hoton ɗaurin auren da ka cire daga kwamfuta shekarun baya, wanda yanzu babu shi ko'ina sai cikin tsohon kwafi. Wata rana 'ya'yan angon za su zo shagonka neman fuskar kakansu da ya rasu. Wannan kada ka taɓa shi. Amma kwafi goma na jaka ɗaya, hotuna iri ɗaya, tarkace ne, ka rage su hankalinka kwance.

Sai dai ka kula da wani abu. Manhajojin ajiya da yawa kwafin farko kaɗai suke ɗauka cikakke, na baya kuwa abin da ya canza kawai suke ƙarawa. In ka goge na farkon da hannu don ka ga ya fi tsufa, sauran sun tashi aiki. Ka bari manhajar ta rage da kanta. File History na Windows yana ba ka zaɓin cire abin da ya wuce wata 3, ko wata 6, ko shekara 1. Time Machine na Apple kuwa da kansa yake cire mafi tsufa idan wuri ya ƙare.

Kafin ka zazzage kwandon, buɗe sabon kwafin, ka danna hotuna kaɗan daga kowace shekara, ka ga da idonka suna buɗewa.