Ga ƙanina mai shirin buɗe shago a Amurka

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce idan takardunka sun fito za ka buɗe wurin tsire da masa, ka ɗauki yara biyu, ka riƙa sallamarsu duk yamma kamar yadda ake yi a gida. Allah ya sa albarka. Sai dai nan babu yaron shago. Duk wanda kai kake tsara masa lokacin zuwa da tashi, kana biyansa, ma'aikaci ne a idon hukuma, ko da ɗan yayarka ne.

Tsarin gwamnatin tarayya bai da ruɗani. Ka nemi lambar EIN, wato lambar harajin mai ɗaukar ma'aikata, a wurin IRS, hukumar harajin tarayya, kyauta ce, kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta. A kowane albashi ka cire harajin mutum, da kashi 7.65 cikin ɗari na fansho da lafiyar tsofaffi, sannan ka ɗora wani 7.65 daga aljihunka. Kowa kuma sai ya cika takardar I-9 mai nuna yana da izinin aiki.

A jiha ne mutanenmu suke tuntuɓe, domin kowacce da nata tsarin. Mu a Texas ba a cire harajin jiha a albashi, shi ya sa wasu suke zaton babu rajista. Akwai. Da ka biya albashin dala 1,500 cikin wata uku, sai ka yi rajista da Texas Workforce Commission, hukumar ma'aikata ta jihar, ka riƙa zuba kuɗin asusun waɗanda suka rasa aiki a kan dala 9,000 na farkon albashin kowa. A Kalifoniya kuwa, da albashin da ka biya ya wuce dala 100 kacal cikin wata uku, kwana 15 gare ka ka yi rajista. New York, inda 'yan'uwa suka taru a Bronx, akwai harajin jiha, akwai na birni, ga inshorar rauni a wurin aiki dole, wadda a Texas ganin dama ce. Sabon ma'aikaci kuma ana kai sunansa ga jiha, galibi cikin kwana 20.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuɗin da ka cire daga albashin ma'aikata. Amana ce, ba jari ba. Ranar da ciniki ya ja baya ka taɓa su ka sayi nama, IRS kai za ta bi, ba shagon kaɗai ba, ko da ka yi masa rajistar kamfani.

Ka sa ladan akanta cikin lissafinka tun yanzu, kuma ka faɗa mini jihar da za ka sauka kafin ka kama haya. A gaida Hajiya.